Takobi da Kofi: Ƙungiyoyin Wasanni na Jihar Maraɗi, Jiya da Yau

Tun shekarar 1966 da aka soma gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar, sau biyu kaɗai kofin zakara ya taɓa barin birnin Yamai. Na farko a 1983, sa'ad da ƙungiyar Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauke shi. Na biyu a 1984, sa'ad da ƙungiyar Espoir ta Damagaram ta bi sawunta. Daga nan kofin ya koma babban birni, kuma yau fiye da shekara 40 ke nan bai sake fitowa ba.

A fagen kokowa kuwa labarin dabam yake. Da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa cikin shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, ɗan ƙasar Maraɗi ne, Yakuba Ango wanda aka fi sani da Kantu, ya zama sarkin ƴan kokowa na farko. Bayansa Maraɗi ta fito da Labo Mai Kaho, ta fito da Umaru Ali Bindigau, kowannensu ya riƙe takobin ƙasa a zamaninsa.

Jiha ɗaya ce, samarin kuma su ne dai. To, me ya sa kokowa ta yi ta haifar da zakaru, ƙwallon ƙafa kuwa ta tsaya ga kofi guda? Tambayar ta shafi magabatan da ke tsara kasafin kuɗi, ta kuma shafi iyayen samari a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, inda ake da ɗimbin matasa masu son wasa amma babu hanyar da za ta kai su ga cin abinci da shi.

Mene ne ƙungiyar sana'a?

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambanta wasan sha'awa da wasan sana'a. Samarin unguwa da ke haɗa kuɗi su sayi ƙwallo, su buga da la'asar bayan an taso daga gona ko kasuwa, wasan sha'awa suke yi. Ƙungiyar sana'a kuwa ita ce wadda ɗan wasa yake sa hannu a takardar yarjejeniya da ita, tana biyansa albashi a ƙarshen kowane wata, ko an ci ko ba a ci ba. Tana da mai horo da take biya, tana kuma ɗaukar nauyin magani in ɗan wasa ya ji ciwo. Ɗan wasan irin wannan ƙungiya ba shi da wani aiki da safe sai horo.

Mafi yawan ƙungiyoyin jihohi a Nijar suna tsakanin waɗannan biyu ne. Suna da rajista a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wato FENIFOOT, suna shiga gasa, amma abin da ɗan wasa yake samu ya dogara ga aljihun shugaban ƙungiya da taimakon masu hali. In an yi nasara a ba da tukuici, in shugaba ya shiga matsi a haƙura. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saurayin da bai san abin da zai kai gida a ƙarshen wata ba, ba zai daɗe yana gudu bayan ƙwallo ba, sai ya koma kabu-kabu ko ya tafi cin rani.

Akwai kuma nauyin tafiya. Tsakanin Maraɗi da Yamai akwai kimanin kilomita 660. Tun da yake mafi yawan ƙungiyoyin babban rukuni a Yamai suke, ƙungiyar Maraɗi tana ɗaukar mutum ashirin ko fiye, da kuɗin mota, da masauki, da abinci, kusan duk lokacin da wasan waje ya zo. Ƙungiyar Yamai kuwa yawancin wasanninta na waje tsallaka unguwa kawai take yi. Ke nan tun ba a busa usur ba, ɗaya ta riga ta kashe abin da ɗayar ta ajiye.

Sunaye biyu na sarauta

Ƙungiyoyi biyu ne aka san jihar Maraɗi da su a ƙwallon ƙafa: Dan Kassawa da Jangorzo. Duk wanda ya san tarihin ƙasar, da jin sunayen zai gane inda suka dosa. Ɗan Kasawa shi ne Sarkin Katsina da ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi a farkon ƙarni na 19, bayan da masu jihadi suka karɓe birnin Katsina. Jan Gwarzo kuwa laƙabin Bawa ne, Sarkin Gobir da ya yi mulki a Alƙalawa a ƙarshen ƙarni na 18. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa ƙarƙashin Sarki Mayaƙi suka kafa Tibiri, kusa da Maraɗi, garin da yake cikin gundumar Gidan Rumji a yau. Wato sunayen ƙungiyoyin biyu sun ɗauko manyan gidajen sarauta biyu na jihar, Katsina da Gobir. Ba ƙaramin jari ba ne wannan, domin suna ne da Bakatsine ko Bagobiri na ƙauye zai ji ya ce nasa ne.

Nasarar Jangorzo ta 1983 ta zo ne a lokacin da ƙungiyoyin ƙasar duka suke kusa da juna a ƙarfi. Manyan ƙungiyoyin Yamai na wancan zamani na unguwanni ne. Olympic daga ƙungiyar da ake kira Secteur 6 ta fito, Sahel kuma daga Secteur 7. Ƴan wasansu ƴan makaranta ne da ƙananan ma'aikata da masu sana'ar hannu, kamar dai ƴan wasan Maraɗi da na Damagaram. A lokacin kuma Samariya tana da ƙarfi a kowace unguwa da kowane ƙauye, tana tara samari domin aikin gayya da wasanni, Maraɗi kuma tana cikin ganiyar kasuwancinta da Najeriya. A irin wannan hali ƙungiyar jiha mai haɗin kai da ƴan kallo masu zafi tana iya ka da kowa.

Daga baya ƙungiyoyin biyu sun yi ta hawa da sauka tsakanin babban rukuni da na biyu. In shekara ta yi kyau, aka sami mai hali da ya tsaya, sai a ji su. In ya gaji ko kasuwa ta juya masa baya, sai a nemi ƙungiya a rasa. Kasuwar Maraɗi kuwa a bakin iyaka take numfashi. An rufe iyakar Najeriya daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta bayan 26 ga Yuli na 2023 har cikin farkon 2024. Ƙungiyar da ke cin abinci daga hannun ɗan kasuwa guda, duk abin da ya sami iyaka ya same ta.

Inda kofi yake kwana

Duban jerin zakarun ƙasa na shekarun baya ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa. A 2013 da 2015 ƙungiyar ma'aikatan duwan, AS Douanes, ta ɗauki kofi. A 2014 da 2023 ta rundunar gardi, AS GNN. A 2016 da 2017 ta sojoji, AS FAN. A 2018 da 2019 ta kamfanin man fetur, AS SONIDEP. A 2021 ta jandarma, USGN. A 2022 ta kamfanin wutar lantarki, Nigelec. A 2020 ba a kammala gasa ba saboda annobar korona. Cikin waɗannan shekaru duka, babu ƙungiyar unguwa ko ta jiha ko ɗaya da ta kai ga kofi. Hatta Sahel da Olympic, waɗanda suka fi kowa yawan kofuna a tarihi, sun koma baya: rabon Sahel da kofin gasa a wannan tsakani tun 2009, Olympic kuma tun 2012.

Abin da ya haɗa waɗannan zakaru a fili yake. Kowace ƙungiya a cikinsu tana da uwar gijiya mai kasafin kuɗi na shekara-shekara, ko rundunar tsaro ko kamfanin gwamnati. Albashi yana fita a kan lokaci, akwai motar tafiya, akwai likita. Wani ɗan wasan ma yana sa ran in ƙafa ta gaji a ɗauke shi aiki a gidan. Saboda haka duk yaron da ya yi fice a Maraɗi, ko Tawa, ko Damagaram, idonsa yana Yamai, kuma ba a ga laifinsa ba. Ta wannan ƙofa ce ake fita waje: Musa Ma'azu daga AS FAN ya tafi ƙasar Beljiyam, daga can ƙungiyar CSKA ta birnin Mosko ta saye shi a 2009.

Ko a arewa, ƙungiyoyin Akokana da Urana na garin Arlit sun daɗe a babban rukuni ne albarkacin kamfanonin haƙar uraniyom da suka tashi a inuwarsu. Ƙa'idar dai ɗaya ce ko'ina: ƙungiya tana rayuwa ne inda akwai mai biyan albashi bayan an tashi daga wasa.

Gundumomi uku a bakin hanya ɗaya

Wanda ya biyo babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 daga yamma, zai ratsa Gidan Rumji da Tibiri kafin ya iso Maraɗi, sa'an nan ya wuce Caduwa, Agye da Gazawa kafin Tasawa. Agye da Gidan Rumji sun zama arandisma a 1972, daga baya aka mai da su gundumomi. Gazawa kuwa a 2011 aka cire ta daga Agye ta tsaya da ƙafarta. A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Gidan Rumji tana da mutum dubu 523 da ɗoriya, Agye kusan dubu 246, Gazawa dubu 160 da ɗoriya. In aka haɗa, sun haura dubu 900. A wannan ƙidaya birnin Yamai yana da mutum miliyan ɗaya da ƴan kai. Ke nan gundumomin nan uku sun kusa kai babban birni yawan jama'a, alhali kofunan ƙasa kusan duka suna can, ƙungiyoyi biyun da jihar ke tutiya da su kuma duk a cikin birnin Maraɗi suke.

Ba rashin son ƙwallo ya kawo haka ba. Babu garin da ba shi da fili a bayan lakwal ko kolej, inda yara ke kafa sanda biyu su buga har magariba. Lokacin hutun makaranta ana shirya gasar unguwanni, wani mai hali ko ɗan siyasa ya sa kofi da rago. Sai dai in an gama, an ci rago, shi ke nan. Babu takardar da ta riƙe sunan yaron da ya fi kowa zura ƙwallo, babu mai horo daga Maraɗi da ya zo ya gan shi, babu gasa ta gaba da nasarar za ta kai shi.

Yanayin aikin ƙauye ma yana da nasa hukunci. Da damina saurayi yana gona. Da an gama girbin hatsi, da wake, da aya, da yawa sai su kama hanyar cin rani, wasu Najeriya, wasu Agadas da wuraren haƙar zinariya, wasu har Libiya. Gasar ƙwallo ta ƙasa kuwa watanni da yawa take ɗauka, galibi cikin rani, daidai lokacin da ƙauye ya zama na tsofaffi da mata da yara. A yammacin jihar kuma, tun 2019 gundumar Gidan Rumji ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina, ga satar shanu da satar mutane a garuruwan bakin iyaka. A wurin da haka ke faruwa, abin da zai tara samari cikin tsari, ƙarƙashin idon manya, ya wuce a kira shi wasa kawai.

Tsanin kokowa

Kokowa ba ta gamu da wannan cikas ba, domin a ƙauye aka haife ta. Lokacinta kaka ne, sa'ad da rumbu ya cika, samari suna gida, jiki yana da ƙarfi. Ba ta bukatar takalmi ko raga. Fili mai yashi da makaɗi sun isa. Ƙauye ya gayyaci ƙauye, a yi kirari, a kama. Wanda ya yi fice a dandalin garinsu, labarinsa yana kaiwa kasuwannin mako tun kafin shi ya kai.

Abin da gwamnati ta yi a 1975 shi ne ta kafa wa wannan tsohuwar al'ada tsani. Ana tankaɗe da rairaya daga ƙasa, daga garuruwa zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha, har a fitar da mutum 10 da za su ɗauki tutar jiha. Jihohi 8, ƴan kokowa 80, su haɗu a babban birnin jihar da zagaye ya faɗo kanta, a yi kwanaki kamar goma ana karawa. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi, har a rage mutum biyu. Rediyo da talabijin suna kai wasan kowane gida. Ta haka ɗan manomi daga ƙasar Gangara, ko Cadakori, ko Saye Sabuwa, wanda bai taɓa shiga aji ba, ya san cewa tsakaninsa da takobin ƙasa matakai ne ƙidayayyu, kuma ya san ranar da ake taka kowanne. Wannan shi ne abin da ɗan ƙwallon ƙauye ba shi da shi.

Ƙasa kuma ta girmama zakarunta. Filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa.

Amma kada a ɗauka ƙungiyar kokowa ta jiha ƙungiyar sana'a ce. Ana tara ta ne ƴan makonni kafin gasa, a ciyar da ita, a horar da ita, da an naɗa sarki kuma ta watse. Zakara yana tafiya da takobi, da doki, da miliyoyin sefa, da kyaututtukan masu hali. Wanda ya faɗi ranar farko kuwa ɗan abin da ya samu ba ya kai shi damina. Wanda ya karye, iyalinsa ke jinya. Saboda haka ne ake ganin ɗan kokowa ya bar jiharsa ya ɗauki tutar wata, inda aka fi kula da shi. A ƴan shekarun da suka ƙare da 2023 takobin ya fi zama a Doso, hannun Kadri Abdu, wato Isaka Isaka, wanda ya ɗauke shi sau 6 zuwa ƙarshen 2023. Wannan ma gargaɗi ne ga Maraɗi cewa tarihi kaɗai ba ya ka da abokin karawa.

In aka dubi hoton gaba ɗaya, kowane ɓangare yana da abin da ɗaya ya rasa. Kokowa tana da saiwa a ƙauye, ba ta da albashi. Ƙungiyoyin rundunoni da kamfanoni na Yamai suna da albashi, amma ba su da garin da zai ce nasa ne. Dan Kassawa da Jangorzo suna da suna da masoya, sai dai ba su kafa tsani zuwa ƙauye ba, ba su kuma sami mai biya tsayayye ba.

Yadda maƙwabta suka yi

A Najeriya, inda aka soma gasar ƴan sana'a a 1990, gwamnatocin jihohi ne suka ɗauki nauyin yawancin ƙungiyoyi. Kano Pillars, wadda aka kafa a wannan shekara, ta gwamnatin Kano ce, ta kuma ɗauki kofin ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014. Katsina United ma ta gwamnatin jiharta ce. Wannan hanya tana da amfaninta, tun da ta hana birni ɗaya ya mallake kofi. Tana kuma da aibinta, domin ƙungiya takan zama tamkar ofishin gwamnati, in an canja gwamna a canja shugabanninta, in baitulmali ya yi ƙasa albashi ya makale. Kafin Pillars, Kano tana da Raccah Rovers, wadda ta zama zakaran Najeriya a 1978, daga baya ta ɓace. Jihar Maraɗi kuwa ba ta da kason kuɗin mai irin na jihohin Najeriya, don haka wannan riga ta fi ƙarfin wuyanta.

Misalin da ya fi kusa da halin Maraɗi yana Garwa, a arewacin Kamaru. Garwa gari ne na manoma da ƴan kasuwa, nesa da Yawunde da Duwala, waɗanda suka daɗe suna rabon kofi tsakaninsu. A 1986 aka kafa ƙungiyar Coton Sport a inuwar kamfanin auduga na Sodecoton. Da albashi tsayayye da wurin horar da yara, ƙungiyar ta zo ta fi kowace yawan kofunan gasar Kamaru, har ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008. Ƴan Nijar ma sun ci abinci a can, irin su mai tsaron gida Kasali Dauda da ɗan gaba Kamilu Dauda. Abin da ya riƙe ƙungiyar amfanin gona ne, wanda manoman karkara suka noma.

Maraɗi ta taɓa samun irin wannan dama zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, yake sayen amfanin manoma. Farin shekarun 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, suka karya wannan kasuwa tun ba a yi tunanin jingina wata ƙungiya gare ta ba. Yau kuwa ƙasar Agye, Caduwa da Gazawa ta yi suna wajen noman aya, ga riɗi, ga wake, ana lodinsu zuwa Najeriya da gaba. Kuɗin yana nan, sai dai a warwatse yake a hannun ƴan kasuwa da yawa.

Fili ba ya buga ƙwallo

Ta fannin gini, jihar ba ta zauna hannu sake ba. A 2015 Maraɗi ta karɓi bikin 18 ga Disamba, wanda aka yi wa laƙabi da Maraɗi Kwalliya, aka yi wa birnin gyare-gyare. A watan Fabrairu na 2019, da Nijar ta karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, a Yamai da Maraɗi aka buga ta. Ƙungiyoyin Senegal, Mali, Gana da Burkina Faso sun yi yawancin wasanninsu na rukuni a filin Maraɗi, Mali kuma ta tafi da kofin. Jama'ar jihar sun gani da idonsu cewa garinsu yana iya saukar da Afirka.

Sai dai gina fili aiki ne na shekara ɗaya, riƙon ƙungiya kuwa na kowane wata ne. Ya fi sauƙi a sami kuɗin siminti, wanda za a yanke masa kyalle a gaban jama'a, da a sami kuɗin albashin mutum 25 na shekara biyar. Ƙungiyar ƙasa, Mena, ta je gasar Afirka a 2012 da 2013, ƙungiyar ƴan wasan cikin gida kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN da aka yi a Aljeriya farkon 2023. Wannan ya nuna akwai ƙafafu a ƙasar. Jihar da ta fi kowace yawan jama'a bayan Damagaram a ƙidayar 2012, da mutum miliyan 3 da dubu 400, bai kamata ta zama ƴar kallo a wannan fage ba.

Abin da ya rage a yi

Ba a ce Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji kowace ta kafa ƙungiyar sana'a gobe ba. Wanda ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa, a hanya zai sauke. Abin da ke cikin ikonsu shi ne su aro wa ƙwallo tsanin kokowa.

Na farko, gasa mai lokaci sananne. Gundumomin uku suna da komin 9: Agye da Caduwa, Gazawa da Gangara, Gidan Rumji, Tibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Tun 2004 kowace komin tana da kasafin kuɗinta. In kowace ta ware ɗan abin da zai sayi ƙwallaye da riguna, ya biya alƙalin wasa, za a iya buga gasar komin da an gama girbi, kafin samari su watse, zakarun komin su haɗu a gunduma, na gunduma su haɗu a Maraɗi. Sharaɗin shi ne a yi ta kowace shekara a lokaci ɗaya, ko akwai zaɓe ko babu.

Na biyu, ƙungiyoyin birni su fito karkara. Tibiri gidan Gobirawa ne, tafiyar ƴan mintoci daga Maraɗi. Ƙungiya mai sunan Jan Gwarzo ba baƙuwa ba ce a can. Wasan sada zumunci ranar kasuwa a Caduwa ko Gazawa zai kawo masoya, zai kuma sa mai horo ya ga yaran da ba za su taɓa zuwa ƙofarsa ba.

Na uku, mai biya tsayayye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maimakon alhaji guda ya ɗauki ƙungiya har ya gaji, ƙungiyoyin ƴan kasuwar aya da riɗi da wake, da masu motocin sufuri, suna iya yin yarjejeniya a rubuce ta shekaru, kowa da kasonsa, sunansu a rigar ƴan wasa. Su kuma shugabannin ƙungiya su riƙa karanta lissafin shiga da fita a gaban taro kowace shekara, domin babu mai zuba hatsi a buhun da bai ga gindinsa ba.

Na huɗu, takarda. Dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta ce in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Amma ƙungiyar da ba ta da rajista, da yaron da ba shi da takardar haihuwa ko lasisi, ba su da hujjar karɓar ko dala. A nan aikin magatakardan komin da na iyaye yake. A nan kuma amfanin yaƙi da jahilci yake fitowa: ɗan wasa ko ɗan kokowar da ya iya karanta takardar da zai sa wa hannu, da wuya a cuce shi.

Na biyar, ƴan kokowa goma na jiha su sami asusun da zai riƙe su tsakanin gasa da gasa, ya kuma yi jinyar wanda ya ji ciwo da tutar jiha a kafaɗarsa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran umarni daga Yamai. Aiki ne na gwamnan jiha da prefe-prefe, da hukumomin komin, da sarakuna, da ƴan kasuwa, da malaman makaranta. Kantu daga dandalin kaka ya taso, aka kafa masa tsani ya hau har ya kai takobi. Yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi a bayan lakwal ɗin Gangara ko Gidan Sori, tsanin nan suke jira. Allah ya ba magabata ikon kafa shi.